Sunan da Muka Goge: Malam Idrissa Sikawut

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, Allah ya karɓi ran Malam Idrissa Tahir a wani asibiti a garin Largo, nan ƙasar waje inda muke zaune, bayan doguwar jinya.

Malam, kai ka kafa ƙungiyar sikawut ta yaranmu. Na faɗa a sarari domin an daɗe ba a faɗa ba. A 2003, kana tuƙin tasi, ka tara yara bakwai a bayan gidanka na Takoma Park, da tanti ɗaya da usur ɗin da ka zo da shi daga Damagaram. Ɗana Fatihu yana cikinsu, yaron da ko gaisuwa ba ya amsawa da Hausa. Wata uku a hannunka, ya durƙusa ya ce wa kakarsa, "Ina kwana, Hajiya?" Sai da tsohuwa ta yi ƙwalla.

Ka koya musu ɗaurin igiya da hura wuta da neman alƙibla a daji. Da yara suka kai tamanin, sai manya suka shigo, likitoci da injiniyoyi. Aka ce Turancinka bai kai na shiga ofis ba. Aka yi zama a Sterling ba a gayyace ka ba. A littafin bikin cika shekara goma, aka rubuta cewa ɗaya daga cikin likitocin nan, Dakta Maitama, shi ne ya kafa ƙungiyar. Kai kuwa aka ba ka jera kujeru, kuma ka jera.

An ci amanarka, Malam. Jiya na ji waɗanda suka ture ka suna ta zuba yabonka a zaman makoki, ba kunya ba tsoron Allah, kuma wallahi raina ya ɓaci. Amma ba zan tsame hannuna ba. Ni ce sakatariya, ni na buga littafin nan. Da na miƙa maka shi a bakin ƙofa, ka buɗe, ka daɗe kana dubawa, ka ce, "Hajiya Sadiyya, hoton yaran ya yi kyau." Ni kuwa na ci gaba da rabon littafin.

Yaran nan bakwai, da gemunsu yanzu, su suka yi maka wanka, su suka ɗaure likkafaninka. Fatihu ya ce ba mai ɗaukar makarar sai su.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, na nan da na Damagaram, musamman matarka Malama Dija. Dija, don Allah ki yafe mini. Shi kam shekara huɗu ina cewa gobe zan roƙe shi.