Makullin Kacar da Na Juya

Ranar wata Laraba da hantsi, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da fari ya hana geronmu fitar da kai, Baba ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida ya kira mu, ni da ƙanena Lawan. Ina da shekara sha huɗu, shi sha biyu. Rumbunmu wayam, gidan duka ya dogara da tumatirin da muke nomawa a bakin ruwan Watari, Baba yana kaiwa Bici. Yashi ne matsalar: da an ɗora kwando biyu, sai babur ya yi ta kuka a burtali har ya kafe.

Lawan ne ya kawo shawara, don kullum aka tashi daga makaranta sai ya tsaya kallon masu gyara, mu kuwa muna can muna langa. Ya ce a cire faifan baya, wato ƙarfen nan mai haƙora da kaca ke hawa, a sa wanda ya fi shi girma. Gudu zai ragu, amma zai ja kaya. Baba ya samo na hannu, kaca ta gaza, aka ƙara mata gaɓa. Lawan aka miƙa wa sifana, ni aka ba ni riƙon kwanon notuna. Da aka zo kan ɗan makullin da ke haɗe kaca, Baba ya ce masa, "Rufaffen bakin ya kalli inda kaca ta nufa, kada ka manta." Aka gwada, babur ya ratsa yashi bai ko yi tari ba. A gaban maƙwabta Baba ya dafa kan Lawan ya ce bayan rani zai kai shi Bici ya koyi kanikanci.

Ni da nake ban ruwa tun asuba, nake yankar wa tumaki ciyawa, ba a ko dube ni ba. Da azahar, kowa na masallaci, na sa ƙusa na ɓalle makullin na mayar da shi a juye.

Washegari kaca ta tsinke a tsakar hanya. Baba ya faɗi ya gurɗe ƙafa, tumatir ya dagargaje a rana. Da aka turo babur gida, aka tsinto makullin maƙale a juye, Baba ya juya shi a tafin hannu. "Kai Lawan, sau nawa na faɗa maka?" Lawan ya yi ta rantsuwa yana kuka, ni ina gefe ina tsinkar harawa. Maganar Bici ta mutu ranar, kuma Lawan bai sake taɓa sifana ba.

Yanzu hanyar ta sha kwalta, jikokinmu suna wucewa fuu a kan sababbin babura, Lawan kuwa ya tsufa da fartanya a kafaɗa. Bara, yana jinya, na zauna bakin tabarmarsa na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaya, ai ta danga na hango ka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Baba zai kore ka, ga ƙafarsa a kumbure. Wa zai yi mana ban ruwa?"

Ya ce ya yafe tun tuni. Ni ne har yau na kasa.