Shagon Kawu a Cikin Tawada

Kawuna, yayan mahaifiyata, kafinta ne. Ya shekara talatin da ɗoriya yana aiki a rumfar da ya kafa a gefen gidansa bai san inda ƙofar majalisar gari ta kalla ba. A layinmu ba a kiran sunansa, Sai-an-auna ake ce masa, domin ko tambayarsa ka yi ko za a yi ruwa yau, amsar da zai ba ka ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ta sha zare masa fensirin nan yana tsakiyar minshari.

Rumfar ba wata babba ba ce. Kwano ne a kan ginshiƙai shida, da dogon benci da ya sha sara, da garin katako har idon sawu. A nan aka yi gadajen rabin layin, da kujerun zaman ɗakunanmu, da ƙofofin da muke rufewa. Ba wanda ya taɓa cewa uffan sai shekarar da abu biyu suka haɗu: Kawu ya sayi zarton lantarki, maƙwabcinsa kuma, shugaban wata makaranta da kowa ke kira Hedimasta, ya yi ritaya.

Da can Hedimasta da sassafe yake fita, sai yamma ya dawo. Yanzu da ya zauna gida sai ya gano cewa tagar ɗakin barcinsa da rumfar Kawu taku biyar ne tsakani. Mutum ne da bai iya faɗa da baki ba, amma ka ba shi biro ka ga aiki. Ya zauna ya rubuta wa majalisa shafi uku. Kowace safiya kuwa sai ya leƙo ta katanga.

"Maƙwabci, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙafar?"

Ranar da takardar majalisa ta zo, ni na karanta wa Kawu, don tabaraunsa ya shige wani wuri. Ta ce bisa taswirar tsarin gari, rumfarsa tana yankin gidajen zama ne, ba yankin sana'a ba, saboda haka ya bayyana gaban majalisa ranar Talata ya faɗi dalilin da zai hana a rufe ta.

Kawu ya ce, "Wa ya auna?"

Talata ya sa kayansa na fita, ya goge takalmi, ya tafi tun ƙarfe takwas. Zauren majalisar yana hawa na biyu. Akwai dogon tebur da aka rufe da koren ƙyalle, kujeru goma sha ɗaya, fanka da ke ƙas-ƙas duk zagaye ɗaya, sai benci guda a baya domin jama'a. A ƙarshen bencin ya tarar da Hedimasta da fayil a cinya. Suka gaisa, kowa ya kama gefensa.

Magatakardar majalisa, wata mata mai tabarau a ƙarshen hanci, ta miƙa musu jerin batutuwan ranar. Nasu ne na goma sha huɗu.

Sai ƙarfe sha ɗaya kansiloli suka cika. Aka ci awa guda ana gyara rahoton zaman baya, domin wani dogon kansila ya rantse shi "magudanar ruwa" ya ce, ba "kwata" ba, kuma ba zai yarda tarihi ya yi masa ƙarya ba. Aka shiga batun fitilun titi. Aka shiga batun motar shara da tayarta ta fashe. Ana kan batu na shida Ciyaman ya dubi agogonsa, ya buga tebur, ya ce an ɗage zama sai mako mai zuwa.

Hedimasta ya miƙe. Bencin ya ɗaga, Kawu ya tafi ƙasa da kayansa na fita.

Talata ta biyu ya zo da guntun katako da ƙusa huɗu a aljihu, ya gyara ƙafar bencin kafin kowa ya iso. A ranar nasu ne na goma sha ɗaya, aka tashi a na bakwai. Da suka sauko, Hedimasta ya tsaya a bakin tsohuwar motarsa yana ta juya makulli a hannu.

"Maƙwabci, ai hanyarmu ɗaya. Ba kyau a gan ni a mota kai kana ƙasa."

Tun daga nan tare suke zuwa. Mai ƙara yana tuƙi, wanda aka kai ƙara yana gefensa, in motar ta mutu a hanya wanda aka kai ƙarar ya fita ya tura. Suna hirar ciwon gwiwa da tsadar taya da halin 'ya'yan zamani, amma ba a taɓa ambaton zarto a cikin motar nan ba.

Wata bakwai aka yi haka. Batun nasu ya sauko na tara, gada ta tsage a wata unguwa ya koma na goma sha shida. Kawu kuwa sai zaman ya fara shigarsa. Ya gane wane kansila ke barci ido buɗe. Ya san sai mutum shida sun zauna kafin a yanke hukunci, har yakan riga magatakarda ƙirgawa. Ya san bambancin "an ɗage" da "an jingine", ya ce na farkon suma ne, na biyun kuwa sai dai a yi wa iyali gaisuwa.

A gida abin ya fara isar Inna. Ta ce masa ƙofar kabad ɗinta ta ɓalle.

"An ji. Za a sa shi cikin batutuwan mako mai zuwa."

"Malam, ni kake gaya wa haka? Majalisa ta samu mai gyaran benci a ɓagas, ni matar kafinta ina tokare kabad da turmi!"

"Ba a katse mai magana sai an ɗaga hannu."

Ta ɗaga hannun, da ludayi a ciki. Ya gyara ƙofar a ranar.

Ranar da aka kai ga batunsu ina wurin, don na raka su ne in karɓi wata takarda a ƙasa. Abin da ya jawo sa'ar shi ne dogon kansilan nan ya kwana da ciwon haƙori, ya zo da kumatu kamar an cusa masa lemo, bai iya buɗe baki ba. Kafin azahar sai ga magatakarda tana cewa, "Batu na goma sha biyu." Ita kanta sai da ta sake duba takardar.

Jami'in tsara gari, wani siriri mai son nuna abu da sanda, ya warware taswira a kan tebur, aka danne kusurwoyinta da kofuna. Rawaya gidajen zama, ja wuraren sana'a, tsakaninsu baƙin layi mai kauri. Ya ɗora sandarsa.

"Ga rumfar nan. Kamar yadda kowa ke gani, ba ta cikin ja."

Kawu ya ɗaga hannu, ya jira sai da Ciyaman ya ba shi izini.

"Ranka ya daɗe, ina neman a bar ni in matso."

Ya matso, ya sa tabarau, ya zaro tef. Ya tambayi jami'in, milimita ɗaya a takardar nan nawa ce a ƙasa? Jami'in ya ce mita biyu. Kawu ya sunkuya har hancinsa na taɓa taswirar, ya auna kaurin baƙin layin, ya sake aunawa, ya rubuta wani abu a tafin hannunsa.

"Ranka ya daɗe, layin nan kaurinsa milimita uku. A ƙasa mita shida ke nan. Rumfata faɗinta mita huɗu, kuma ga inda sandarsa ta nuna. Gaskiyarsa, ba na cikin ja. Amma ba na cikin rawaya. Ni a cikin tawada nake."

Kansiloli suka miƙo wuya suna leƙen taswirar.

Ciyaman ya juya wurin magatakarda. "Me doka ta ce game da tawada?"

Ta buɗe kundin, ta lashi yatsa, ta bi shafi-shafi har bango. "Ranka ya daɗe, ta yi maganar ja, ta yi maganar rawaya, har kore ta ambata. Ba ta ce komai a kan baƙi ba."

"Wa ya ja layin da kauri haka?"

Jami'in ya ce wanda ya gada a kujerar ne, kuma ya ji an ce a ranar siririn alƙalamin ofis ya bushe.

Sai Ciyaman ya tuna mai ƙara tsohon malamin lissafi ne, ya ce ya zo ya duba. Na ga Hedimasta ya taso a hankali kamar mai zuwa karɓar allura. Ya kama hannun Kawu, ya karanta abin da ke tafin, ya karɓi tef ɗin ya auna da kansa.

"Lissafinsa daidai ne," ya ce. "Kuma in haka ne, rabin ɗakin barcina ma a cikin tawadar yake."

Dogon kansila ya so ya yi magana, haƙori ya hana, sai ya yi ta kaɗa hannu. Majalisa ta yi abin da ta saba yi in ta rasa ta cewa, ta naɗa kwamitin mutum uku su je su gani da idonsu.

Bayan sati biyu kwamitin ya zo da rana tsaka. Suka zagaya rumfar, garin katako ya cika musu takalma. Aka shirya cewa Kawu zai kunna zarto, ɗaya daga cikinsu kuma, wani mai tumbi, zai shiga ɗakin Hedimasta ya kwanta a gadonsa ya ji irin ƙarar da ke isowa. Kawu ya kunna, ya tsaga katako uku, ya kashe. Aka jira mai tumbi ya fito da rahoto. Shiru. Da aka leƙa, ya yi nisa a barci, har ya jawo matashi ya rungume.

"Wannan ba shaida ba ce!" in ji Hedimasta. "Wannan ko a kan injin jirgi kuka kwantar da shi sai ya yi barci!"

Inna tana bakin ƙofa da tiren ruwan sanyi, ta gaji da tsayuwa. Ta ajiye tiren.

"Malam Hedimasta, don Allah ƙarfe nawa kake kwanciyar rana?"

"Biyu zuwa huɗu."

"Sauran lokacin fa?"

"Sauran lokacin ai rediyo nake ji. Ba ya damuna."

Ta juya wurin Kawu. "To Malam, biyu zuwa huɗu ka kashe abin nan ka yi aikin hannu. Ni ma kaina ya huta. Shi ke nan ko akwai saura?"

Maza biyar suka dubi juna, har da mai tumbi da aka taso yana murza ido. Shugaban kwamitin ya zaro biro ya rubuta.

Sai da aka ƙara wata biyu kafin majalisa ta amince. Hukuncin ya fito shafi huɗu, da hatimi, yana yaba wa kwamitin bisa zurfin bincike da hangen nesa. Na karanta wa Inna daga farko har ƙarshe tana tsintar shinkafa. Ta ce in sake duba ko an ambaci mai tiren ruwa. Na ce babu. Ta ce ba komai, Allah ya sa dai su dawo mata da kofinta ɗaya da mai tumbi ya tafi da shi.

Kowa ya ɗauka shi ke nan Kawu ya rabu da majalisa. Talata na zagayowa sai ga hon ɗin motar Hedimasta a ƙofar gida, sai ga Kawu ya fito yana gyara hula. Wai batun motar shara bai ƙare ba, suna so su ga inda zai kwana.

Yau shekara tara ke nan. An canja Ciyaman sau biyu, jami'in tsara gari ya samu ƙarin girma, an sake zana taswirar da siririn layi, aka lanƙwasa shi kaɗan ya kauce wa rumfar. Duk wanda takardar majalisa ta zo masa a unguwarmu, mai wanki ne ko mai gyaran babur ko mai son ƙara ɗaki a gidansa, wurin Kawu yake fara zuwa. Kawu zai sa tabarau ya tambaya, "Lamba nawa suka ba ka?" In ka ce uku, ya ce ka yi wanka ka tafi da wuri. In ka ce goma sha biyar, ya ce, "Je ka aurar da 'yarka, ka ga jika, sannan ka dawo mu yi magana."

Bara da zaɓe ya matso, dattawan layin suka haɗu suka same shi a rumfa. Suka ce ba wanda ya san majalisar nan kamarsa, ya fito takarar kansila, su za su tsaya masa. Ya saurare su har suka gama, yana goge wata ƙafar kujera da takardar yashi.

"Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba zan yi ba."

"Don me, Sai-an-auna?"

"Doka ta ce zaman majalisa a gaban jama'a ake yin sa. Kun taɓa zuwa? Yawancin ranaku ni da Malam Hedimasta mu ne jama'ar. In na koma kan tebur, shi kaɗai zai rage, ga shi kunnensa ɗaya ya fara nauyi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce to shi ma zai riƙa zuwa. Kawu ya ce madalla, akwai wuri a mota, amma ya sani tun yanzu, wanda ya zo daga baya shi ke turawa.