Gonar Baffa da Aka Ce Ba Kowa a Kai

Jiya a motar Tanout na ji rediyo na cewa Afirka na da filaye ba kowa a kai, ita za ta ciyar da duniya. Sai na tuna Baffa, yayan mahaifina, wanda ya rasu shekara uku ke nan.

Yana da wata gona wajen Falanko da yake bari ta huta, shanun Fulani su kwana a ciki. In ruwan farko ya sauka, yakan duƙa ya ɗebi yashi mai danshi, ya shinshina, ya ce, "Ba ta farka ba tukuna, a ƙyale ta."

Ina tare da shi ranar da wasu baƙi suka zo da farar mota da igiyar awo. Babbansu ya ce, "Malam, takardarmu ta nuna nan ba gonar kowa ba ce. Hatsin ƙasashen waje za mu noma."

Baffa ya nuna masa tsofaffin kututturan kara. "Yaro, wannan aljanu ne suka shuka?"

Mutumin ya yi dariya, suka kafa turaku, suka ja waya. Damina biyu suka noma, suka kwashe injinansu, suka bar ƙasar ko ƙarangiya ba ta fitarwa. Baffa, da bai taɓa ganin gindin rumbunsa ba, hatsin kasuwa ya ci har ya koma ga Allah.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya bi masa hakkinsa, don ni har yau ban yafe ba.