Mai ɗinkin kujerun jirgi

Gwaggo mai ɗinki ta yi shekara da shekaru a shagonta na bayan filin jirgi, tana jin rurin jirage kamar yadda wasu ke jin carar zakara, amma ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba. Sai ga wani sabon kamfani ya buɗe da jirage biyu da ya ɗauko haya, masu farfela, waɗanda ba sa wuce garuruwan cikin ƙasa. Manajan ya zo da kansa, ya dire mata bandir ɗin yadi ruwan toka, ya ce rigunan kujeru yake so.

Haka ta fara shiga jirgi da tef a wuya. In ta gama awo, sai ta zauna jikin taga ta lumshe ido, ta ji kamar ƙasa na janyewa a hankali. Maigidanta, tsohon direban bas, ya riƙa tsokanarta wai ita kaɗai ce matafiyar da ke kaiwa ko'ina ba tare da taya ta juya ba.

Kamfanin bai yi tsawon rai ba. Mai ya yi tsada, fasinjoji suka ja baya, jirgi ɗaya ya kwanta a gefen fili har tsuntsaye suka yi sheƙa a fiffikensa. Ɗayan kuma masu shi suka ce a mayar musu. Ranar tafiyar matuƙin ya leƙo shago ya ce, "Gwaggo, kujerunki ga su can ba kowa. Taso mu je."

Ta bar wa maƙwabciya saƙo, ta bi shi da guntayen zare a zaninta. A sama gajimare ya shimfiɗu kamar audugar katifa da aka baza a rana. Ta yi ta sauya kujera, ta leƙa nan ta leƙa can. Da ta ga ɗinki ya saki a wata kujera, ta zaro allura daga ɗankwali ta kama shi, rana na dukan yatsunta.

A motar haya ta dawo, ƙafafu a kumbure. Maigidan ya tambaye ta yadda can yake. Ta ce, "Shiru ne, Malam. Injin na ta ƙara, amma shiru ne."

Daga baya aka faɗaɗa filin, aka rushe shagunan. Ta mayar da kekenta gidan 'yarta, ta koma ɗinka kayan jarirai har idonta ya daina ganin kafar allura.