Robar haƙorin Hannatu da na tafasa

Dokta Saraya ta rasu.

Da safen nan tes ɗin ya shigo wayata, ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji uku darasi. Wai jiya aka kai ta asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Na karanta sau uku, na ce wa yaran su kwafi abin da ke allo, na fita.

Yanzu ina zaune a kafe ɗin intanet a bakin titin Samaru. Awa ɗaya na saya, don akwai maganar da in ban faɗe ta yau ba, ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba.

Ga wanda bai san ta ba, likitar haƙori ce, kilinik ɗinta ɗaki biyu ne a saman wani shagon atamfa a Sabon Gari. Gajeruwar mace mai saurin magana, kullum tabarau a kan goshi tana nemansa.

Shekara huɗu ke nan da na fara kai mata 'yata Hannatu, lokacin tana da shekara takwas. Tsotson yatsa ya turo mata haƙoran sama waje, leɓenta ba ya rufuwa. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Zomo. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma dariya da hannu a baki.

Ni na so a bari sai ta girma. Dokta ta ce, "Malama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu ƙashin bakinta girma yake yi, zai bi mu a hankali. In ta girma ma za a iya, amma da wahala."

Surukata ta biyo mu zuwa na biyu, ta zo da faɗanta. Ita tsoronta kada a toshe wa jikarta wushirya, wai gadon gidansu ce. Dokta ba ta yi mata Turanci ba. Ta ba ta kujera, ta ce, "Mama, buɗe in ga taki." Tsohuwa ta buɗe. Dokta ta ce, "Kai! Wa zai taɓa wannan? Haƙora zan mayar gida, wushirya kuwa amana ce." Da dariya suka rabu.

Ta haɗa wa Hannatu wata 'yar roba mai launin dasashi da siririn ƙarfe a gaba, ana sawa ana cirewa. Sai da muka je sau uku kafin ta zauna daidai. Duk wata muna hawa mota mu je ta ɗan matse ƙarfen, kuma ba ta taɓa fara aiki ba sai ta tambayi Hannatu labarin makaranta.

Gargaɗi ɗaya ta yi mini, har da ɗaga yatsa: "Ruwan sanyi da buroshi. Kada ruwan zafi ya taɓa ta."

Na ce na ji.

Wata biyar muna tafiya lafiya, har leɓen ya fara haɗuwa. Ran nan da damina robar ta suɓuce wa Hannatu a bakin kwata tana wanke baki. Ta dauraye ta ajiye, ta tafi makaranta. A lokacin ana ta maganar amai da gudawa a unguwa. Ni kuwa kun san ni da tsabta, malamar da ke koya wa 'ya'yan mutane tafasa ruwan sha da kwalbar jarirai. Na ce ai minti biyu ba zai yi komai ba. Na jefa ta a tukunya.

Ta fito a murɗe kamar busasshen ganye.

Abin da na yi bayan nan shi ne ke hana ni sukuni. Ban koma na ce Dokta na yi kuskure ba. Girman kai ya hana ni. Na naɗe robar a takarda na jefar, na ce wa Hannatu na biya ta kilinik, Dokta ta karɓi abinta, ta ce a dakata tukuna, za ta neme mu.

Dokta ta kira ni sau biyu, ban ɗauka ba. Daga nan in zan shiga kasuwar Sabon Gari sai in zagaya ta bayan tasha don kada in bi ta ƙofarta. Haƙoran suka koma inda suka fito, ina kallo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin Ista ce, a layin masu tumatir. Ban gan ta ba sai da na ji an riƙe mini jaka.

"Malama, kin gudu da 'yata."

Na fara kame-kame, wai hidima ce ta yi yawa. Ta katse ni.

"Ko ɓata ta yi, ko karyewa, ko kare ne ya tauna, duk na sha gani. Awon bakinta na nan a kan kantar kilinik, da sunanta a jiki, ban jefar ba. Ki kawo mini ita kawai."

Ta buɗe mini ƙofa har haka, jama'a, amma na kasa cewa ni ce. Na ce, "Sati mai zuwa, Dokta."

Ta sayi lemo uku ta sa mini a jaka, ta ce in kai wa Hannatu. Na kai, ban faɗi wanda ya bayar ba.

Ɗazu da na koma gida na tarar da Hannatu ta dawo makaranta tana cire safa. Na ce mata Dokta Saraya ta rasu. Sai ta ce, "Mama, ni na ɓata mata rai. Akwai ranakun da nake cire robar a makaranta in ɓoye a aljihu. Na san ta gane, shi ya sa ta karɓe ba ta ƙara nemana ba."

Shekara uku da rabi yarinyar nan tana ɗauke da laifina a matsayin nata, a ɗaki ɗaya da ni, ban sani ba.

Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Tukunyar, takardar, kiran da na ƙi ɗauka, har lemon.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "To da kin faɗa mata, me za ta yi miki?"

Na tashi na ɗauki jakata na taho nan. 

Dokta, Hannatu ta san gaskiya yau, ke ce kawai ba zan iya faɗa wa ba. Ubangiji ya karɓe ki hannu biyu, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba, ya ƙarfafa iyalinki.

Ku da kuka karanta, Kirista da Musulmi, ta duba bakin 'ya'yanmu duka ba ta tambayi addinin kowa ba. Ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, wurin Allah da wurin 'yata.