Taki Arba'in na Gidanmu

Laifina ne wuta ta shiga gandun dajin gwamnati da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo, bayan kakar 1975. Ina da shekara goma sha ɗaya.

A lokacin, da an gama yankan gero, malamin daji yakan zo a kan kekensa ya zauna da mai unguwa da Arɗon Fulani. Sai a auna gefen dajin da ƙafa, kowane gida taki arba'in. Ka share kasonka da fartanya, ka kwashe ciyawar, ka bar ƙasa tsirara, don kada wutar masu farautar gafiya ta sami abin da za ta bi ta tsallaka. Mu kuma a bar mu mu ɗebi busasshen itace da shuci na jinka, Fulani su yi kiwo. Shekaru dajin bai ƙone ba, har mutanen wajen Gagarawa kan zo ganin yadda muke yi.

Baba ya share kasonmu, ya ce in kwashe ciyawar, ya tafi kasuwar Maigatari. Ni kuwa na jiyo yara suna langa. Na tura ciyawar gindin sabara, na watsa mata yashi, na ruga.

Ta nan wutar ta shiga bayan kwana uku, da azahar. Har yau ina alfahari da yadda garinmu ya fito: maza da ɗanyun rassan kalgo, mata da tuluna, Fulani sun kora shanu nesa sun dawo a guje. Arɗo yana ta ihu, "Ku bi ta gefe, kada wanda ya tare ta gaba!" Kafin magariba sun kashe ta da hannunsu.

Da aka gano inda ta shiga, Baba ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Kasona ne." Ya kwashe harawarsa kaf ya ba Arɗo a madadin ciyawar kiwon da ta ƙone a dajin. Tumakinmu suka rame a ranin nan. Bai tambaye ni ba, ni ma na yi gum.

Yanzu babu mai auna taki, dajin ma ya zama gonaki. Sai da Baba ya tsufa, gani ya yi masa rauni, na durƙusa a bakin tabarmarsa na ce, "Baba, ciyawar nan ban kwashe ta ba, binne ta na yi. Na bar ka ka ɗauki kunyata. Don Allah ka yafe mini."