Fushin Zaune da Fushin Kwance

Duk wanda ya san yayana Isyaku a Gwiwa ya san bayan rigarsa ba ya rabuwa da ƙasa. Ba ƙazanta ba ce, wallahi. Tun muna karatu wajen Malaminmu, ni ina fama da rubutun ajami, shi abu ɗaya ya riƙe: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Kowa ya ji ya wuce, Yaya kuwa ya ɗauke shi yadda aka faɗa. Ga shi mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko a masallaci ƙafarsa rawa take. Amma a ɓata masa rai, ko a tsakiyar hanya ne, sai ka ji dirim, ya zauna.

Matarsa Hajara daga riga take gane labari. Da ya yi sallama sai ta ce, "Malam, juya in gani. Na zaune ne yau ko na kwance?"

"Na kwance ne."

"To madalla. Kai ka sha lada, ni na sha wanki."

Shekarar da aka koma naira, babura suka cika gari. Ranar kasuwa wani saurayi ya taho da sabon babur ya watsar masa da kwandon tumatir. Yaya ya zauna. Saurayin ya ce, "Tsoho, ba ka gani ne?" Yaya ya miƙe ƙafa ya kwanta. Kai! Kasuwa ta ɗauka an kashe mutum, mahauta suka yi ram da mai babur. Daga kwancen Yaya yake ɗaga murya: "Ku sake shi, bayin Allah! Bai kada ni ba, ni na kada kaina!"

Ranar da na fi tunawa ita ce ta gona. Sale, ɗan baffanmu, ya sayi garmar shanu, ya tumɓuke gambar da ta raba gonarmu da tasa, ya ci mana kunyoyi uku. Na ɗauki gora, na rantse daga nan sai gaban alƙali a Kazaure. Kowa ya san in aka kai can, gidan kakanmu ya rabu ke nan, ko gaisuwar Salla ba za a ƙara ba.

Yaya ya iso yana huci. Ya dubi kunyoyin, ya zauna. Ya sake duba, ya kwanta rigingine a gaban shanun. Ya ce da ni, "Kai ma ajiye gorar nan ka zauna."

Tun hantsi har rana ta take. Ni na zauna, na tashi, na zagaya, na sake zama. Sale ya rasa ta inda zai bi.

"Yaya, don Allah tashi, shanun nan za su taka ka."

"Sale, in na tashi ni zan taka ka. Gara ka bar ni da shanun."

Sale ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa, ya zo ya tsuguna kusa da kan Yaya. Kafin la'asar da hannunsa ya mayar da gambar. Jikokinmu da nasa yanzu kwano ɗaya suke ci.

A ciwonsa na ƙarshe na ce masa mutane suna cewa ba shi da fushi. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Ƙarya suke. Duk Gwiwa ba wanda ya kai ni zafin zuciya. Tsoron hannun nan nake, shi ya sa nake kai shi ƙasa."

Ni na sa shi a kabari. Da bayansa ya jingina da ƙasa sai dariya da kuka suka zo mini tare.

Ya Allah, bawanka ya sha kwanciya a kan ƙasa mai zafi don kada ya cuci kowa. Ka sanyaya masa wannan.